Ƙwaro Mai Takobi a Lambun Gwaggo

Gwaggo ta dawo daga jinyar ƙanwarta ta tarar an sare mata rabin lambu. Kuɓewar da ta fara fure tana kwance, an tattake tumatir, ɗan lemun tsamin da ta raina tun yana tsiro saura kututture. Ba ta yi kuka ba. Ta dire jakarta a tsakar gidan hayar, ta ce a nuna mata mai wannan aikin.

Tela ne, wanda tagarsa ke kallon lambun. Ya ce wani abu ya harbi 'yarsa a wuya har ya kumbura, da ya duba cikin ganye sai ya ga ƙwaro kore da takobi a gindi. Ya kai ƙara wurin mai gidan, shi kuwa, mutumin da bai taɓa shuka ko albasa ba, ya ce a sare. Sauran rabin ma ranar Asabar za a gama da shi a zuba siminti.

"Kai da kake wuni da allura da almakashi, ƙwaro ne ya firgita ka?" in ji Gwaggo.

Washegari ta durƙusa cikin kuɓewar da ta rage, tana ɗaga ganye har ta same shi. Kore shar, fiffike kamar ganye, gashin kansa siriri kamar zare ya fi jikinsa tsawo, ga takobin a lanƙwashe. Ta san ba fara ba ce, gashin fara gajere ne. Ba gyare ba ne, gyare baƙi ne ɗan rami. Amma "ba shi ba ne" ba zai hana siminti ba. Ta kifa masa kwalba, ta huda murfin, ta nufi ofishin aikin gona.

Mai gadi ya ce ta jira a benci. Ta ce lambunta ba zai jira ba, ta wuce shi ta dangwara kwalbar a kan teburin malamar gona.

Malamar ta ɗaga kwalbar wajen haske ta yi murmushi. Ta ce dangin gyare ne, mai zama cikin ganye, kuma wannan mace ce. Takobin ba na harbi ba ne, da shi take tsaga kara ko ƙasa ta saka ƙwai. In an matse ta takan ɗan yi cizo da baki, iyakarta ke nan. Mai kumbura wuya haka, a nemi rina ko zuma.

"'Yata, baki kowa yana da shi. Kin tabbata?"

Malamar ta buɗe murfin ta juye ƙwaron a tafin hannunta. Ya taka a hankali har gwiwar hannu. Gwaggo ta ce to, yanzu an yi magana.

Ranar Asabar mai gidan ya iso da magina da buhunan siminti. Gwaggo ta tsaya a bakin lambu, ta kira 'yan haya kaf, har matar tela. Ta faɗi abin da malamar ta ce. Tela ya yi tsaki, ya ce malama ba 'yarta aka harba ba.

Gwaggo ta kwance mayafi, ta ciro ƙwaron, ta ɗora shi a wuyanta, daidai inda yarinyar ta kumbura. Matar tela ta ja da baya. Ƙwaron ya taka ya hau kafaɗa, yana kaɗa gashinsa kamar mai gaisuwa.

"Miƙo hannunka, ɗan nan."

Tela ya ce ba sai an kai ga haka ba. Wani magini ya ce ai in yana tsoro a ɗauko masa safar hannu, aka kwashe da dariya. Ya miƙa, ta ɗora masa. Ƙwaron ya zauna abinsa.

Sannan Gwaggo ta nuna ƙarƙashin rumfar tagarsa, inda ta riga ta leƙa tun jiya. Gidan rina ne, ya kai dunƙulen hannu.

Mai gidan ya sosa ƙeya ya ce magina su mayar da siminti. Gwaggo ta ce ba ta gama ba. Haƙuri na baki ba ta so, tela ya riƙe kayansa. Dashen lemu take so, da irin kuɓewa, kuma shi zai haƙa da hannunsa.

Da yamma tela na duƙe da fartanya. Gwaggo ta saki ƙwaron a kan ganye, ta zo ta leƙa ramin.

"Ƙara zurfi. Lemu za ka dasa, ba maɓalli ba."