Furen da Ba Ya Kai Rana Tsaka

A shekarar da kuɗin ƙasarmu, leba, ya lalace, ni da yayata Belicka muke riƙe da 'yar gonar wardin da mahaifiyarmu ta bar mana a bayan garin Kazanlak. Da asuba muke tsinka, domin furen wardi in rana ta buge shi ya tashi aiki. Dole a ranar mu kai wa Kawu Dimco mai tukwanen tatsar turare, mu karɓi abin da ya ga dama. Shi kuwa sai ya ɗura man wardin a tulunan tagulla ya kulle. Mai ba ya ruɓa. Burodi na tashi, mansa na tashi, takardun kuɗin da ya ba mu suna komawa ganye.

Yaya ta ce in wardin bana bai saya mana itacen hunturu ba, za ta tafi ƙasar Girka jinyar tsofaffi. Ban da kowa sai ita.

Ni ba mai magana ba ce, ko a kanti nuni nake yi. Amma ranar awon ƙarshe na tsaya gaban sikeli.

"Kawu, ka biya mu da mai. Ko 'yar kwalba ce."

Ya kalli ma'aikatansa. "Kai, ku zo ku ji! Ashe Nebena tana da baki! Me za ki yi da shi, 'yata? Miya?"

"Ajiyewa zan yi. Kamar yadda kake yi."

"Ajiya ai sai wanda ya ƙoshi. Ke kafin Lahadi za ki dawo min da shi, ki ce in saya ko nawa ne."

Suka yi dariya. Gaskiya kuwa ya faɗa. Ya ƙara min takarda biyu a kan kuɗinmu, wai na sha alewa.

Da sanyi ya matso muka je wajen mai itace. Ya dubi damin takardun ya ce amalanke guda ma ba za su cika ba.

A tasha Yaya ta gyara min ɗankwali. "Ki riƙa kwana a ɗakin girki, ya fi ɗumi. Kuma ki riƙa gaida mutane, kin ji, kurma?"

Na gyaɗa kai. Motar ta tashi. Da na koma gida na jawo katifata kusa da murhu, na yanka burodi na mutum ɗaya.