Sunan da Ubaidullah Bai Kira Ba

Dakta Ubaidullah bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Yaron sunansa Najib, kowa a benensu na Bukit Jalil, can Malesiya, ya san shi da haka, har ɗan Bangaladash ɗin da ke gadin ƙofa, amma a bakin uban "kai" ne, in ta matsa a ce "wannan yaron". Uwar ma, Turai, "Yayan Khaulah" take cewa, ta jingina shi da ƙanwarsa. Haka suka taso suka gani a Kazaure: ɗan fari ɗan kunya ne, ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane. Da akwatuna huɗu da wannan ɗabi'a suka baro gida. Akwatunan duk sun mutu tuni, ɗabi'ar kuwa tana nan garau.

Ubaidullah malamin kimiyyar wasanni ne a wata jami'a mai zaman kanta. A gefe kuma yana yi wa wani kulob na rukuni na biyu aikin nazarin bidiyo: ya zauna ya kalli wasa sau uku, ya faɗa wa koci wane ne ke gudu da kai, wane ne ke gudu da ƙafa kawai. A makarantar matasan kulob ɗin Najib ya girma, kuma lamba goma yake bugawa, wato mai raba ƙwallo, wanda duk harin ƙungiya ke bi ta ƙafarsa. Uban ya san yaron ya iya. Ya fi kowa sani, don sau da yawa yakan tsayar da bidiyo a kan wata ƙwallo da Najib ya zura tsakanin 'yan baya biyu, ya maimaita ta, ya sake maimaitawa, da ya ji motsi a bayansa sai ya yi sauri ya wuce.

Sai korona ta zo ta kulle kowa a ɗaki. Kakar wasan 2020 aka yanke ta, aka ƙarasa ragowar a filin da babu ɗan kallo ko ɗaya. Ɗan Brazil ɗin da ke riƙe wa kulob ɗin lamba goma ya tattara ya koma ƙasarsu, ya ce shi da Malesiya sai a labari. Gurbin baƙon ɗan wasa guda ɗaya ya rage, kuma a wannan gurbin rayuwar gidan Ubaidullah ta rataya. Takardar zaman Najib a jikin ta ubansa take, za ta mutu ranar da ya cika sha takwas. In kulob ya ɗauke shi, zai samu tasa ta aiki ya zauna. In bai ɗauke shi ba, sai Najeriya, ƙasar da ya baro yana tatata. Karatun jami'a a nan kuwa ya fi ƙarfinsu tun da aka zaftare albashi.

Da can Ubaidullah bai damu ba, don akwai Halliru. Halliru amininsa ne, tare suke aikin nazarin, kuma a al'ada aminin uba shi ne bakin ɗa. Shi zai tashi ya ce yaron nan zinari ne, uban ya sunkuyar da kai ya ce a'a, da saura, kowa ya gane. To Halliru ya je Kano jana'izar mahaifiyarsa, aka rufe iyaka yana can, kulob kuma ya sallame shi ta saƙon waya.

Ranar da za a yi taron tantance 'yan wasa, Turai ta same shi yana gyara kwamfuta a teburin cin abinci, don nan ne ofis tun da aka kulle gari.

"Baban Khaulah, yau fa babu Halliru," ta ce.

"Na sani."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka buɗe baki ka yi magana."

"Me zan ce? Bidiyo na gabansu. Gani ai ya kori ji."

Ta dube shi, ta ga dai dutse take yi wa magana, ta koma kicin. Najib yana ɗakinsa, kuma bangon gidajen nan ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu.

Fuskoki uku suka bayyana a allo: Koci Razlan, da shugaban kulob, da wata mata mai kula da kwantiragi. Ubaidullah ya fara, kuma in dai a kan ƙwallo ne bakinsa ba ya nauyi. Ya ce riƙe gola da aka yi daidai ne. Ya ce 'yan baya biyun da aka saki ba asara ba ce, ɗaya ya tsufa, ɗayan kuma ya fi son kati fiye da ƙwallo. Ɗan gefen da aka ɗauko daga jihar Sabah yana da gudu, sai dai in ya isa bakin layi tunani ke ƙare masa. Ɗan gaba ya iya buga ƙwallo da kai, amma zai mutu da yunwa in babu mai ciyar da shi. Duk cefanen nan, in ji shi, miya ce babu gishiri matuƙar ba a samu lamba goma ba.

Razlan ya gyaɗa kai. Ya ce mutum biyu ne a hannu, tunda ba a shigo da kowa daga waje. Akwai wani ɗan Uzbekistan da wani kulob ya sallama, yana nan a gari, ya haura talatin. Akwai kuma Najib.

Ubaidullah ya ɗauki ɗan Uzbekistan ya wanke shi tas. Ya yabi natsuwarsa, da bugun tazararsa, da yadda yake karanta fili. Gwiwarsa ta hagu da aka taɓa yi wa aiki kuwa, a taƙaice ya ambace ta, don bai so a ce ya kushe baƙo saboda ɗansa. Kara ce ya yi wa mutumin da bai taɓa gani ido da ido ba.

"Najib fa, Dakta?" in ji Razlan da Turanci. "Kai ka fi kowa saninsa."

A nan ne harshen ya yi nauyi. Duk abin da zai faɗa yana nan a ƙirjinsa: cewa yaron yana ganin gurbi kafin gurbin ya buɗe, cewa cikin shekara biyu manyan kulob za su yi layi a kansa. Amma ya ji kamar mahaifinsa na zaune a gefe yana kallonsa, mutumin da har ya koma ga Allah bai taɓa ce masa madalla a gaban baƙo ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta jin lallashi.

"Yaron yana ƙoƙari," ya ce. "Amma da saura. Ƙafarsa ta dama ba ta nuna ba. Yana riƙe ƙwallo fiye da kima. Jikinsa ma bai yi ƙwari ba tukuna."

Ya dakata yana jiran wani ya ce haba Dakta, kamar yadda ake yi. Babu wanda ya ce. Shugaban ya rubuta wani abu, matar ta gyara tabarau, Razlan kuwa ya dube shi da girmamawa ta gaske.

"Na gode da gaskiyarka, Dakta. Ba kowane uba zai iya haka ba."

Allo ya yi baƙi. Ubaidullah ya zauna yana kallon inuwar fuskarsa a ciki, sai a lokacin ya gane cewa mutanen nan sun ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta.

Ƙofar ɗakin Najib ta buɗe. Dogo ne, siriri, ya yi aski da kansa saboda shagunan aski a rufe suke, gefe ɗaya ya fi ɗaya.

"Abba, why?" ya ce. Sai ya lallaɓo Hausarsa mai ɗingishi. "Ka ce ban iya ba. A gaban coach."

"Ban ce ba ka iya ba."

"I heard you lah. Duka na ji."

Turai ta fito da ludayi a hannu. "Yayan Khaulah, ba haka yake nufi ba. A wurinmu uba ba ya yabon ɗansa. Kunya ce. In ya kushe ka a gaban mutane, to yabo ne a ciki."

Najib ya dube ta, ya dubi uban. "Coach Razlan ɗan Kazaure ne?"

Ya koma ɗaki ya rufe ƙofa a hankali, kuma wannan rufewar ta fi wa uban ciwo fiye da a ce bugo ta ya yi.

Washegari da hantsi Ubaidullah ya kira Razlan. Ya haɗiye kunyar da ƙyar, ya ce jiya bai faɗi komai duka ba, yaron ya fi yadda ya kwatanta nesa ba kusa ba, gwiwar wancan kuma ba za ta kai rabin kaka ba. Razlan ya saurare shi har ƙarshe, mutum ne mai kirki. Sannan ya ce ya fahimta, shi ma uba ne, ya san an sha fama a gida daren jiya. Amma jiya masani ne ya yi magana, yau kuwa uba ne, kuma shugaba ya riga ya kira wakilin ɗan Uzbekistan. Magana zarar bunu ce. Gaskiyar da ya ɓoye ranar da ake nemanta, yau ya fito da ita ta zama roƙo.

Ya kira Halliru a Kano ko zai sa baki. Halliru ya yi salati, ya ce, "Ubaidu, a ƙasar mutane ka je kana yi musu kara? Su wa suka san ta?" Ya aika wa Razlan dogon saƙo, aka amsa masa da godiya da hoton hannu biyu a haɗe.

Sauran kulob ɗin duk sun cike gurabensu, waɗansu ma rushewa suke yi. Watannin da suka rage Najib ya yi su a filin ajiye motoci na ƙarƙashin bene, yana buga ƙwallo a bango da ƙafar dama, ita kaɗai, har mai gadi ya gaji da korarsa. Ubaidullah yakan ji ƙarar daga matakala in ya sauko karɓar tapau, abincin da ake kawo musu a ƙunshe. Sai ya tsaya a inda ba a ganinsa. Baƙin ciki ya hana shi ƙarasawa, kunya ta hana shi komawa.

Aka fara sabuwar kaka. A wasa na huɗu gwiwar ɗan Uzbekistan ta tafi, kuma Ubaidullah ne aka ba bidiyon ya yi nazari. Bai ji daɗin cewa ya yi daidai ba ko kaɗan. Kasuwar 'yan wasa ta riga ta rufe, takardar Najib kuma saura kwanaki.

Ranar tafiya su uku suka shiga mota, Khaulah aka bari a gida saboda dokar yawan mutane. A Kano Halliru zai tarbe shi, daga nan sai Kazaure wurin baffanninsa, inda za su yi ta dariyar Hausarsa. A ƙofar filin jirgi wani jami'i ya ce matafiyi kaɗai ke shiga. Najib ya sauke jakarsa, takalman ƙwallonsa a ɗaure a hannunta. Ya rungumi uwarsa, sannan ya tsaya gaban uban, ido kawai ake gani a saman takunkumi.

"Abba, just tell me. Na iya ko ban iya ba?"

Ga jami'in a tsaye, ga Turai, ga mutane na wucewa. Ubaidullah ya buɗe baki.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Ka riƙe salla."

Najib ya gyaɗa kai kamar wanda ya samu amsarsa. Ya ja jaka, aka auna zafin goshinsa, ƙofar gilashi ta rufe a bayansa. Bai waiwayo ba.

Suka koma mota. Ubaidullah ya riƙe sitiyari bai tayar ba, har na baya ya fara yi masa hon. Ya cire takunkumi.

"Najib," ya ce. "Najib ya iya. Wallahi ban taɓa ganin kamarsa ba."

Turai ta juya da sauri tana leƙen taga, don tunda take ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba, ta zaci yaron ne ya dawo. Babu kowa a ƙofar sai jami'in da na'urarsa ta auna zafi.