Rufin Ɗakin Baba Mai Agogo

Ina kan rufin, na zare ƙusa ta huɗu ke nan, sai na ji muryarsa daga ƙasa.

"Kai kafinta, wa ya aiko ka?"

"Baba, 'yarka ce."

"To ita ta gina ɗakin?"

Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da aikina. Wallahi da na san abin da zai biyo baya, da a nan na sauko.

Baba Mai Agogo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara arba'in yana gyaran agogo a ƙofar gidansa, har ido ya gaza, ƙirji ma ya fara damunsa. Da masu awon sabuwar hanya suka zo, layinmu kaf suka shafa wa jan fenti. Suka auna, suka ɗauki hoto, suka miƙa wa kowa takarda: nan da wata ɗaya motar rusau za ta shigo. Wani mai hular kwano ya ce abin da mutum ya cire da hannunsa nasa ne, abin da ya bari kuma sai dai ya tsince shi a ɓaraguzai.

Ai kuwa unguwa ta rikice. Ba a yi sati ba kowa ya hau cire ƙofa da taga da kwano. Ni dai kasuwata ta buɗe, kuma ba zan ɓoye muku ba, har murna nake yi.

'Yarsa ta samar masa ɗaki a bayan gari, amma sai ƙarshen wata na ciki zai tashi. Ta ce da ni, "Yaya, a cire yanzu, kar a zo ana rububi mu rasa mai hawa. Sai a ja masa tamfol, kwana nawa ne?"

Baba ya ce, "Ku bar min ko falle biyu saitin gadona. In sun zo, ni da su."

Na ce, "Haba Baba, falle biyu ai iska za ta kwashe." Ƙarya nake yi. Sauri nake, gida uku na jirana, ba na son in sake dawowa saboda falle biyu.

Kwana uku da yin haka, da la'asar, hadari ya haɗu. Tamfol bai yi minti biyar ba iska ta yaye shi. 'Yar tana wurin aiki. Ko da na tuna da shi na tsallaka a guje, ruwa ya kai idon sawu a ɗakin. Yana zaune bakin gado, ya jiƙe sharkaf, ya cusa akwatin kayan aikinsa cikin riga.

Ya ɗago ya dube ni, haƙoransa na kaɗawa. "Kafinta, ka gama aikin naka?"

Na goya shi zuwa ɗakina, ni da ko falle ɗaya ban sami lokacin cirewa daga nawa rufin ba.

Sanyi ya kama masa huhu. Kwana shida ya yi a asibiti, ran na bakwai da hantsi ya cika.

Motar rusau ba ta zo ƙarshen watan ba. Sai da aka yi wata goma sha ɗaya, wai takardu ne ba su kammala ba. Har yau 'yarsa in ta gan ni sai ta tsaya ta yi min godiya, wai ni na ɗauko mata uba daga cikin ruwa. Gara a ce zagina take yi.

Duk tsawon watannin nan ina gidana, kullum da safe in na leƙa ta katanga ina ganin ɗakin a buɗe. Ciyawa ta fito a tsakiyarsa har ta kai gwiwa, akuyar wani tana shiga tana ci.