Mai Birki Ya Shiga Tsere

A duk layin, Mai Birki ake kiransa. Ya daɗe yana koya wa mutane tuƙi, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a mota ya san kalmar da ta fi yawa a bakinsa. Ya ajiye aiki, amma sunan ya bi shi gida.

Ranar da autarsa, wadda ke aikin jinya, ta shigo rungume da ƙaton kwali, ya ɗauka injin markaɗe ta sayo wa uwarta. Sai ga sitiyari ya fito, da abin takawa, da wayoyi a cukurkuɗe. Ta ɗaure sitiyarin a teburin falo ta jona da talabijin.

"Gem ɗin tseren mota ne, Baba. Da shi zan riƙa sauke gajiyar aiki."

"Lalata direbobi dai," in ji shi. "Ki daki bango ki tashi kina dariya? Ai da irin wannan ake cika muku asibiti."

"To zo ka nuna mini yadda ake yi."

Ya ce shi ba yaro ba ne. Amma ya tsaya bayan kujera yana leƙe, hannuwa goye a baya, har ta faɗa wata kwana ba ta rage gudu ba. Bai san lokacin da ya ce "Tashi!" ba.

Ya zauna, ya gyara zama, ya lalubi bel a kafaɗa bai samu ba. Fitila ta yi kore, motoci suka fice kamar an koro su. Shi kuwa ya dubi dama, ya dubi hagu, sannan ya ja motarsa a hankali.

"Baba, taka mana! Tsere fa ake yi!"

"Ina sigina a jikin abin nan?"

Ihun ya fito da matarsa daga ɗaki. Ta tsaya ta ƙura wa talabijin ido. "Malam, wannan jar motar ba ita ta wuce ka ɗazu ba?"

"Ta sake zagayowa ne, Mama," in ji auta, tana riƙe ciki don dariya.

Bai kula su ba, yana kan hannunsa abinsa. Kwatsam wata mota ruwan ɗorawa ta banko shi ta baya, ta juya shi kamar faifai, ta yi gaba.

"Kai! Ɗan gidan wa ne wannan? Wa ya ba shi lasin?"

Ya danne totur har ƙasa. Sitiyarin ya hau rawa a hannunsa, bishiyoyi suka koma zare-zare, wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Duk rayuwarsa bai taɓa bari allurar gudu ta kai can ba. Ya karkata da jikinsa gaba ɗaya a kwana, silifas ɗaya ya tashi ya faɗa ƙarƙashin tebur.

"Ga shi can, Malam! Kamo shi!" Matar ta hau dukan bayan kujera.

Ya goga bango, wuta ta yi tartsatsi, sai ya ji kansa yana ƙyalƙyala dariya. Dab da layin ƙarshe ya sha gaban motar nan ruwan ɗorawa. Na biyun ƙarshe ya zo, amma ya miƙe ya zagaye falon da hannuwa a sama, hula a karkace.

Kafin ya dawo, matar ta riga ta zauna a kujerar, ta naɗe hannun riga. Ita da ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba, ta bi ta kan ciyawa, ta kwashe allunan talla, ta zo ta uku.

"Ta ciyawa kika bi! Ba a haka!"

"An hana ne? Ai babu wanda ya tsayar da ni."

Auta ta saka kayan aikinta ta fita ba ta ƙara taɓa sitiyarinta ba, ta bar su suna musun layin wa ne. Da matar ta ƙi tashi, Mai Birki ya ɗauki waya ya kira amininsa, tsohon bakanike.

"Kana ina? Bar abin da kake yi ka zo yanzu. Ka taho da tabaranka."