Rubutun Baba a Ɗakin Feshi

Ɗakin feshi yana can ƙuryar shagon, bayan injin buga hotuna, bayan teburin da ake ɗaure yadi a jikin katako, inda baƙo ba ya kaiwa sai in ya ɓata hanya yana neman banɗaki. Taga ɗaya gare shi, da wata fanka mai zuƙe iska waje, wadda ƙararta ta fi aikinta. Bangon ya sha ruwan sheƙi shekara da shekaru har ya yi santsi kamar cikin kwano. A nan Yaya ta ƙarar da ƙuruciyarta. Ita ce babba a gidansu, saboda haka kowa Yaya yake ce mata, har ma'aikatan da suka girme ta, har mahaifinta ma, ran da ya ga damar kiranta.

Aikin nata ba boyayye ba ne. Idan aka buga hoto a kan kanbas, yadin nan mai kauri, tawadar a tsirara take: rana ta koɗar da ita, ruwa ya ɓata ta, yatsa ya goge ta. Sai an rataye yadin a bango an fesa masa ruwan sheƙi da bindigar feshi, ya bushe, ya zame masa fata. Tun tana 'yar budurwa Baba ya lura hannunta ba ya rawa, sai ya sa ta a ɗakin ya ja ƙofa. Ƙanenta ya tafi makaranta ya dawo da takalmi mai tsini, ya kame a teburin gaba ya ce a riƙa kiransa Manaja, aka kuwa biye masa. Auta ta yi karatu ta yi aure. Rabon Yaya shi ne tari mai tashinta kafin kowa ya tashi, da warin da sabulu ya gaji da shi ya bar mata a gashi.

Da ciwon Baba ya yi nauyi, sai ya ce a bugo masa hoton gidan nan da aka ɗauka a ƙofar shago, a buga shi babba, a bar farin fili a ƙasa, kuma kada a fesa masa komai. Aka kai masa har gado. Ya ari alƙalamin zane na jikarsa, irin na 'yan makaranta, ya bi mutanen cikin hoton yana rubutu a ƙarƙashin kowa. A ƙarƙashin Mama ya rubuta, abokiyar zamana, ki yafe mini. A ƙarƙashin Manaja, magajina, ka riƙe gida. Matar Manaja, wadda ta shigo dangin jiya-jiya, ta samu 'yata da Allah ya ba ni daga baya. Jikar ta samu amaryata mai rowa. Auta kuwa, sanyin idona.

Yaya tana can ƙarshen layi a hoton, don ita aka kira daga baya, ta fito a guje da rigar aiki, takunkumi na reto a wuyanta. Ƙarƙashinta fari tas.

Sai bayan an share makoki ta gani. Ta tsaya a ɗakin Mama tana kallon wurin. Nan take ta samo wa Baba uzuri. Ai daga wancan gefen ya faro, ita kuma tana wannan ƙarshen. Ga shi ma haruffan da ke ƙarƙashin Auta sun fara kwanciya, alamar hannu ya gaji. Mutum yana fama da numfashi, wa zai ce lallai sai ya kai ƙarshen layi? Da wannan uzurin ta riƙa kwana tana tashi, ba ta kuma tambayi kowa ba, don tana tsoron amsar.

Mama yanar ido ta rufe mata gani, haske kawai take bambancewa da duhu, karatu kuwa dama ba ta taɓa yi ba. Amma ta san inda kowane rubutu yake. Kullum sai ta sa an jingina mata hoton ta riƙa bi da yatsa, Manaja ko Auta na karanta mata. Yatsan tsohuwa mai yawan alwala ba ya rabuwa da danshi, gefen haruffan ya fara dusashewa. Shi ya sa wata safiya Manaja ya shigo ɗakin feshi da kansa, yana toshe hanci da hankici, ya shimfiɗa yadin a gaban Yaya.

Ya ce a fesa shi a yau. Ya ce in ya bushe za a sa masa firam mai ruwan zinare a rataye shi a gaban shago, daidai bayan kujerarsa, duk wanda ya shigo ya ga abin da tsohon ya bari. Ranar hutu a riƙa kai wa Mama ta taɓa. Yaya ta ce ai kamata ya yi a bar shi a ɗakin Mama, abin gida ne. Ya dube ta, ya dubi farin filin, ya yi murmushin nan nasa da yake yi wa mai neman ragi.

"Au, wannan ne ke damunki, Yaya? Ga alƙalami can a aljihun tebur, rubuta wa kanki wani abu mana. In kika fesa, wa zai gane?"

Ya yi dariya shi kaɗai, ya fita ya bar ƙofar a buɗe, abin da ya sani sarai ba a yi a ɗakin feshi saboda ƙura.

Ta tashi ta rufe. Abin da take gani a ranta shi ne layin masu karɓar hotunan biki da na suna, kowa ya jingina da teburin gaba yana jiran canji yana karanta bangon, yatsa na tafiya daga Mama zuwa Auta, ya zo kanta ya tsaya. Wani zai tambaya wannan fa, mai aiki ce? Manaja kuma ba ya rasa amsa mai sa mutane dariya. Kunya ta kama ta tun ba a rataye ba, bayan kunyar kuma fushi ya biyo, irin wanda ya daɗe yana jiran hanya.

Ta lashi ɗan yatsanta ta dangwala a kan ɗigon ƙarshe na rubutun Manaja. Shuɗi ya biyo yatsan. Dama ta sani, tawadar 'yan makaranta ce, an yi ta ne don uwa ta wanke ta daga riga ba wahala. Ruwan sheƙin da suke aiki da shi kuwa da ruwa ake tsinka shi. Irin wannan aikin akwai yadda ake yi masa, kuma duk shagon ita kaɗai ta iya. A kwantar da yadin, a matse bakin bindigar, a ja baya sosai, a saki feshi sama-sama ya sauko kamar raɓa, yadda zai kusa bushewa kafin ya taɓa rubutun. A jira. A sake. A yi ta yi har wata siririyar fata ta rufe tawadar, sannan a zuba mai kauri. Yini guda yake ci, kuma ta sha yi wa baƙi, masu kawo hoton biki da ƙawaye suka sa wa hannu.

Ba ta kwantar da yadin ba. Ta maƙala shi a bango a tsaye. Ta tace ruwan ta cika kofin bindigar, ta ƙara masa ruwa fiye da ƙa'ida, ta kunna injin iska, ta buɗe bakin bindigar har ƙarshe. Ta ɗaura takunkumi. Fuskokin ta fara yi, kuma ta yi su da kyau, hannu na tafiya daga gefe zuwa gefe, kowane layi na hawa rabin na samansa, don hannun ba ya iya yin aikin banza ko an sa shi. Da ta sauko kan farin filin sai ta matso, har bakin bindigar ya kusa taɓa yadin, ta rage tafiyar hannun.

Kalmar magajina da ke ƙarƙashin Manaja ce ta fara tafiya. Haruffan suka kumbura, suka haɗe, suka gangaro. Ta bi ta kan na matarsa, ta bi ta kan na jikar. A kan sanyin idona ta tsaya ta danne kunamar bindigar har ruwan ya riƙa ɗiga a ƙasa. Na Mama ne ya rage, shi kaɗai, a can farkon layi. Ta dube shi, ta ce a ranta wannan ba ruwansa. Amma idan an bar ɗaya, kowa zai san da gangan ne. Ta fesa shi.

Da ta kashe injin, babu sauran kalma ko ɗaya. Wani shuɗin dabbare ne ya kwanta daga wannan gefe zuwa wancan, har ya malalo ƙarƙashin ƙafafunta, inda da fari ne. Yanzu kowa da nasa daidai. Ta ji daɗi, daɗi na gaske, kuma bai wuce lokacin da ta ɗauka tana wanke bindigar ba.

Manaja da ya gani bai yi ihu ba. Ya tambayi ma'aikata ko wani ya ɗauki hoton rubutun kafin a shigo da shi. Babu. A shagon da ake kwafar komai, har katin gayyatar da za a yar gobe, babu wanda ya tuna, don sun saba in abu ya shiga hannun Yaya ba a fargaba. Ta ce masa bakin bindigar ne ya kwance, tsautsayi ne. Ya ce tun yana rarrafe take riƙe da bindigar nan, bai taɓa jin ta kwance ba sai yau. Auta ta zo ta durƙusa gaban yadin tana kuka kamar ranar aka yi rasuwar, ta ƙi ko duban Yaya.

Shi Manaja ba ya barin abu ya tafi a banza, ko da ɓarna ce. Ya ce ba za a gaya wa Mama ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Za a mayar mata da hoton ɗakinta, tunda ba ta gani. Amma shi ya gama karanta mata, Auta ma ta gama. Wadda ta yi aikin ita za ta riƙa zuwa tana karantawa, daga ka, tunda babu wanda ya kai ta kallon rubutun nan.

Washegari da hantsi suka kai. Mama na zaune a bakin gado, aka jingina mata yadin a gwiwa. Ta shafa shi ta ji santsi, ta sa wa Yaya albarka, ta ce yanzu sai ta taɓa son ranta. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, Auta ta zauna a ƙasa ta juya kai. Yatsan Mama ya sauka a kan dabbaren, daidai inda nata yake a da.

Yaya ta karanta. Abokiyar zamana, ki yafe mini. Mama ta ce ta yafe, kamar yadda take cewa kullum. Yatsan ya matsa, Yaya ta ce magajina, ka riƙe gida. Ta faɗi na matar Manaja, ta faɗi na jikar, Mama ta yi 'yar dariya. Ta faɗi na Auta. Mama ta yi wa mamacin addu'a, ta fara janye hannu.

Da Yaya ta bari a nan, da an tashi lafiya. Amma shaidar ta riga ta narke, kuma waɗannan biyun ba za su iya ƙaryata ta ba sai sun tona abin da suka ɓoye. Ta kama yatsan uwarta a hankali ta kai shi ƙarshen layi.

"Saura nawa, Mama. Ba su taɓa karanta miki ba, don ƙanana ne haruffan. Ya ce, babbar 'yata, hannuna na dama, Allah ya saka miki."

Ko Manaja sai da ya sunkuyar da kai. Yaya ta ji kalmomin a kunnenta, ta ji sun yi kama da abin da Baba zai iya faɗa, da ƙarfinsa ya kai.

Mama ta zare yatsanta ta goge shi a zaninta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kada ki yi wa mamaci ƙarya, Yaya. Ni na riƙe masa yadin nan. Da ya zo kanki na ce masa, saura Yaya. Ya ce ya gani."

"Ya gaji ne, Mama. Hannunsa ne ya gaji."

"Bai gaji ba. Da ya gama sai da ya zana wa yarinyar nan doki a littafinta, har da mahayi."

Tarin ya taso wa Yaya, ta danne shi da bayan hannu, ya ƙi dannuwa. Babu wanda ya miƙa mata ruwa. Mama ta jira har ya lafa, sannan ta lalubo yadin, ta mayar da yatsanta baya kaɗan a kan shuɗin.

"Sake karanta mini na Auta," in ji ta.