Iyakar da Tarakta Ta Cinye

A daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, taraktar gwamnati ta iso Gurbin Bore don yi wa ƙananan manoma huɗa. An kuma raba irin auduga, aka ce an wajabta wa kamfanin gurza ya saye duk abin da talaka ya noma. Malam Sha'aibu, wanda ƙugunsa ya gaji da galma tun tuni, har rawar kafaɗa ya yi a zaure da ya ji labarin.

Gonarsa tana manne da ta Maccido, amininsa tun suna yara. Kullum cikin tsiya suke, amma kowa ya san ba a shiga tsakaninsu. Abin da ya raba gonakin biyu layin ciyawar gamba ne da iyayensu suka dasa.

Direban ɗan cikin garin Kaura ne, bai taɓa riƙe fartanya ba. Da ya ga gamba sai ya ɗauka ƙyuyar masu gona ce, ya bi ta kanta don ya kyauta musu. Kafin tsofaffin su dawo daga sallar azahar, gona biyu ta zama ɗaya, shimfiɗe kamar tabarma.

Sha'aibu ya bi gonar yana neman iyaka, bai gan ta ba. Ranar Juma'ar da ta wuce liman ya yi huɗuba a kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani, ya ce da ita za a yi masa rataya a wuya ranar tsayuwa. Sha'aibu ya haura saba'in, ya san saura ƙiris, kuma ba ya son ya tafi da ƙasar Maccido a wuyansa. Washegari ya kwaso duwatsu ya jera a matsayin iyaka, ya shigo da su taku uku cikin tasa gonar don ya huta da kokwanto.

Da ya dawo da la'asar, ya tarar duwatsun sun yi tafiya. Suna can taku uku cikin gonar Maccido, mai gonar kuma yana zaune a kan ɗaya yana ɓare goro.

"Wa yac ce ka taɓa mani duwatsu?" in ji Sha'aibu.

"Duwatsunka sun ɓata hanya, ni nim maishe su," in ji Maccido. "So kaka yi ka ɗora mani ƙasarka, kai ka wuce sakayau? Ni ma ina masallacin."

"Iyaka tana nan wajena. Ni na hi ka sani."

"Kai da ba ka gane akuyarka cikin kasuwa?"

Kwana huɗu ana haka, duwatsu na kai da kawo. Kowa ya shuka gefensa, tsakiya ta zauna fayau. Suka ce a jira gamba ta tohu ta raba gardama. Ta kuwa tohu, amma tarakta ta riga ta watsa saiwar, sai ta fito nan tsiro can tsiro. Ga lokacin shukar auduga yana ƙurewa.

A kwana na biyar Sha'aibu ya tsaya yana kallon filin, takaici ya cika shi, har idonsa ya kawo ruwa. Maccido ya lura. Ya daina dariya, ya matso.

"Sha'aibu, in da ƙasata cikin taka, na yahe maka duniya da lahira."

Irin maganar da ake yi wa mai bankwana ce, kuma ta daki Sha'aibu a ƙirji. A lokacin ya ga yadda abokinsa ya rame bana. Da ƙyar ya ce, "Ni ma na yahe maka."

Maccido ya ɗauki sungumi ya shiga filin tsakiyar, yana gaba yana sara. Sha'aibu ya bi shi yana zuba iri yana rufewa da diddige, yadda suke yi wa iyayensu suna yara. Sun kai tsakiyar layi Sha'aibu ya tsaya.

"To, in audugar ta yi, ta wa ce? Ni dai ba ni amsar kuɗinta."

Maccido bai waiwayo ba, ya ci gaba da sara.

"Kai dai roƙa mana Allah shi kai mu kaka, mu biyu. Mu yi wanga hwaɗan gaban sikeli."