Fuskar Baba a Tagulla

Auta na durƙushe a tsakar gida yana zuga gawayi, gumi har cikin ido, matarsa ta leƙo da waya a hannu.

"Matar Yaya ce. Likita ya ce yau ko gobe."

"Na ji."

"Ka ji, kuma kana nan kana wasan 'yar tsana?"

Auta direban motar ma'aikata ne, shekara ashirin ke nan yana ƙarar da ranakun hutunsa wajen sassaƙa 'yan mutane da dutse ko zuba su da tagulla, duk ba su wuce tafin hannu ba. Amma wannan daban yake. Mahaifinsu ya rasu Auta na da wata bakwai, ko hoto ɗaya bai bari ba, kuma duk duniya Yaya kaɗai ya rage da ya san fuskar. Wata huɗu Auta yana zarya asibiti da ɗan kai na kakin zuma a gwangwani, Yaya na kwance da shanyayyen ɓarin jiki yana gyara masa. "Hancin ya fi haka. Kai, wannan ai kunnen jaki ne." Har ranar da ya ƙura wa kakin ido, ya ce, "Kada ka ƙara taɓawa."

Aikin tagulla kuwa ba a yi masa sau biyu. Za ka lulluɓe kakin da yumɓu, ya bushe, ka gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ka zuba tagulla a gurbinsa. Yumɓu kwana biyar yake so. Na Auta kwana biyu ya yi. Ya sani sarai, shi da bakinsa yake gaya wa mutane sauri ya haifi nawa. Amma ina, so yake Yaya ya riƙe abin a hannu ya ce shi ne.

Kakin ya riga ya tsiyaye cikin toka. Ya ɗago tukunyar narkakkiyar tagulla da awartaki, ya karkata ta a bakin yumɓun. Yumɓun ya ce ƙas, kamar an taka ƙwai, tagulla ta biyo tsagar tana hayaƙi.

Da ya huce ya fasa. Wuya ya fito, ƙeya ta fito, kunnuwa tsaf. Fuska kam babu, sai wani curi mai ramuka. Ya faɗa kan tokar yana tono da yatsu, wai yana neman kakin, abin da ya san ƙasa ta shanye. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Matarsa ta dube shi, ta je ta ɗauko masa takalmi.

A asibiti ya durƙusa gefen gado.

"Yaya, na ɓata shi. Don Allah ka sake faɗa mini. Ga sabon kaki na zo da shi, ko goshin kawai ka faɗa."

Leɓen Yaya ya motsa, ba abin da ya fito.

"Tun safe maganar ta ɗauke," in ji matar Yaya.

Auta ya sa masa tagullar a hannun mai lafiya. Yaya ya shafa curin, ya sake shi ya gangara kan zanin gado. Sai ya miƙa hannu ya kamo haɓar Auta, ya juya ta wajen taga. Ya bi goshin da babban yatsa, ya gangaro hanci a hankali. Hawaye ya bi gefen idonsa ya shiga kunne.

Matar Yaya ta share nata da bakin mayafi. "Kullum ka fita sai ya ce, wawan nan da madubi ya saya da ya huta. Ya hana ni faɗa maka, wai in ka sani sai ka daina zuwa kullum."

Wuyan Auta ya ƙage, gwiwa ta yi tsami a kan siminti. Bai motsa ba, ya bar fuskar a inda Yaya ya ajiye ta.